Sawun Mai Tafiya da Baya

Ni na fara gani. A rubuta wannan tukuna kafin a rubuta komai. Tun kafin likitocin dabbobi su zo Wudil da farar mota da 'yan kwalabensu suna kankarar ɓawon ƙurji a hantsar shanu, tun kafin su tafi su dawo su ce ƙurajen nan dangi ne mai rassa, kowane da irinsa, ni Haladu Mai Sawu na riga na faɗa a zauren Dagaci, gaban Liman, gaban jama'a. Aikinsu ya yi kyau, ban raina ba. Amma na riga su. Ban taɓa zama a aji ba, allon ma ban yi nisa ba. Agana ce makarantata. Ta shiga gidanmu ina yaro ta kwashe 'yan'uwana, ta zo kaina ta ci fuska ta ƙoshi, ta bar mini rai. Wanda ya kwanta da ƙurji ya tashi da ƙafarsa ba a koya masa kallon ƙurji.

Shekarar rabon Udoji ce, lokacin da kuɗi suka haukace, kowane masinja ya sayi babur. Halliru, wanda muka yi kiwon awaki tare, wanda na sha ɗauka a kafaɗa in haye da shi kogi, ya samu kwangilar yashi. Kafin ka ce kwabo ya zama Alhaji Halliru, ga Marsandi, ga haƙorin Makka, ga gidan bene a Sabon Gari. Ni ba hassada nake ba, Allah ne mai rabo. Na dai san lokacin da wandonsa ɗaya ne.

Ya kafa garke a bayan gari wajen bakin kogi, ya sayo wani ɗan maraƙi irin na Turai, baƙi da fari kamar an watsa wa gawayi nono. Aka ce in ya girma ya yi barbara, 'ya'yansa mata bokiti za su riƙa cikawa. Tun yana jariri aka raba shi da uwa, saboda haka a bokiti yake shan madara. Har daga Kausani mutane ke zuwa kallonsa. Mai kula da shi Hansai ce, wata Bafulatana daga Ɗankaza da mijinta ya rasu. Ita ke tatsar shanun Alhaji, shi kuma ya bar ta ta haɗa shanunta biyu a garken, su ne iyakar abin da mijin ya bar mata ita da marayunta.

Wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci, aka tarar da turke ba maraƙi. Igiyar na nan a ƙasa, kwance ta aka yi, ba a yanka ba.

Kafin la'asar gari ya gama shari'a. Maza duk suna masallaci, in ji su. Maraƙin bai yi kuka ba, kuma ba ya bin kowa sai Hansai. Ta ce nono ta kai kasuwa, ba wanda ya saurara. Alhaji ya sa aka ɗaure shanunta biyu, ya ce in maraƙi bai fito ba su ne ramuwa, ita kuma 'yan sanda su san yadda za su yi da ita.

* * *

Ba ni aka kira ba. Isyaku aka kira, wanda ni na koya wa raba sawun jaki da na ɗan doki. Marsandin ta wuce ta ƙofar gidana, ina zaune a kan tabarma, ta je ta ɗauko shi. Ni da ƙafa na je, ba gayyata.

Na tarar da shi ya bi kofato daga turke har bakin kwalta, ya tsaya yana nuni da sanda kamar sarkin yaƙi.

"Ga shi nan, Alhaji. Nan ya hau titi. Wannan kuwa hanyar garin su Hansai ce."

Na ce, "Isyaku, sawun mutumin fa?"

"Na masu shigowa kallo ne, Baba Haladu. Ba ka ga garke suka fuskanta ba? Ko idon ne ya fara?"

Aka yi dariya. Na bar su da dariyarsu na durƙusa. Takalmin taya ne, irin wanda rabin gari ke sawa, kuma gaskiyar Isyaku, garke ya fuskanta. Amma mai shigowa dunduniya yake fara dasawa. Wannan kan yatsu yake fara sauka, takunsa gajeru, yashin kuma ta baya ya ja shi. Kofaton maraƙin na taka hancin takalmin sau da yawa. Mutumin nan fita yake yi, da baya, maraƙin na binsa baki a cikinsa. Ba alamar jan igiya, ba turjiya.

Ban ce wa kowa komai ba. In ka faɗa wa Isyaku abu da safe, da yamma nasa ne.

* * *

Na samu Hansai a gindin tsamiya kusa da garken, ta zuba wa shanunta ido. Ba ta kuka.

"Sannu, Hansai. Ya muka ji da wannan abu?"

"Kai ma ka zo kallon ɓarauniya, Malam Haladu?"

"Ni ƙasa nake kallo. In za ki tafi da maraƙin nan, yaya kike yi?"

"Tafiyata nake yi, shi ya sani. Ko alwala zan yi sai na kore shi."

"Ba kya juyowa ki yi ta baya?"

Ta dube ni kamar na zare. "Don me? Amarya ce shi?"

"To in baƙo ne yake son ya bi shi shiru?"

"Sai ya ba shi yatsu. Da yatsu na koya masa shan bokiti. Ka tsoma biyu a madara ka sa masa a baki, zai bi ka har Makka yana tsotsa."

Na ce ta nuna mini hannuwanta. Ta miƙo. A hannun dama, tsakanin babban yatsa da tafi, ga ƙuraje masu tauri kamar ƙwayar gujiya, sun yi duhu. Waɗannan kowace mai tatsa ta san su, daga hantsar saniya ake ɗauka, su zo su tafi. Amma a hagu, a bayan manuniya da na tsakiya, wasu ne daban, a jere kamar an shuka su, kowane da jan zobe da fari a tsakiya kamar idon tantabara.

"Waɗannan fa?"

"Nasa ne. Da su ya zo a baki, har dasashi. Ka san maraƙi haƙoran ƙasa gare shi, su ke kartar bayan yatsu in yana tsotsa. Nan suke fitowa."

"Da wuri?"

"Ina! Sai ka manta ma, sannan su tsiro."

Na daɗe ina kallon hannuwan nan. Mace ɗaya, ciwo biyu, ga ido na baƙo duk ƙuraje ne, kamar yadda ɗan birni ke ganin gero da maiwa abu guda. A ranar na gane, kuma a ranar ba wanda ya gane sai ni.

Na wuce wurin Dagaci na faɗi na yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a dakata da 'yan sanda. A ba ni Juma'a biyu."

Isyaku na gefe yana cin goron Alhaji. "Baba Haladu, wane sawu ne zai jira Juma'a biyu? Ko iska ma ta share shi."

"Sawun da nake jira bai fito ba tukuna."

Dagaci ya yi murmushi ya ce ya ba ni. Alhaji ya ce in an wuce haka ko da sallar la'asar ɗaya ce, shanun sun zama nasa.

* * *

Raɗe-raɗi suka koma kan Wali mahauci, wai washegarin satar namansa ya yi taushi da araha. Na je rumfarsa.

"Zanzana!" in ji shi, haka yake kirana saboda fuskata. "An ce kai ne lauyan Fulani yanzu."

"An ce kai kuma ka fara sayar da naman Turai."

Ya ajiye wuƙa ya yi dariya har da riƙe ciki. "To in na yanka shi, fatar fa? In kai ta ina? Baƙi da fari, ko makaho ya shafa ya gane ta. Tsohuwar saniya ce ta karye a mota, na saya da arha. Je ka ga ƙahon, yana bayan rumfa, ya girme ka."

Ƙahon na nan kuwa. Na ba shi hannu, na juya hannun da kyau. Ban da tabon wuƙa ba komai.

"Me kake dubawa? Aurena za ka yi?" Ya rage murya. "Ni dai abin da ya ba ni mamaki, har yau ban ji Maikano ya ce uffan ba."

Maikano wan Alhaji ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma babban dillali a kara, wato kasuwar shanunmu ta Juma'a. Duk saniyar da ke garken Alhaji shi ya zaɓa, ban da maraƙin nan. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Muka gaisa, gida, iyali, gajiya, kasuwa, har muka ƙare.

"Maraƙin ƙaninka nake nema."

"Allah ya bayyana. Ni tun da aka kawo abin nan ban taka garken ba, ban taɓa shi ba, kowa shaida ne." Ya ja igiyar da ƙarfi. "Yaron da na goya, Haladu. Na koya masa ɗaura wando. Ya je can ya sayo sa a hannun wasu masu farar riga, bai ce Yaya zo ka duba mini haƙora ba. Gari ya ɗauka yana tururuwa, wai ba a taɓa ganin irinsa ba. Shanun da na yi shekara da shekaru ina kawowa fa? Karnuka ne?"

Na gane ciwonsa sarai, don ni ma mota ta wuce ƙofata.

"Hansai fa?" na ce.

Ya kau da kai. "Na ce masa ya ƙyale ta. Ba ya jin maganata yanzu."

Da za mu rabu ya ba ni hannu. Fes yake, ba ko ƙwarzane da ido zai kama.

* * *

Juma'a ta farko ta wuce, ba labari. Hansai ta rame. Matan gari suka daina sayen nononta, yara na binta da waƙa. Isyaku kuwa har sabuwar hula ya yi.

Juma'a ta biyu na yi sammako na shiga kara. Na bi maruƙa ɗaya bayan ɗaya ina buɗe musu baki da tsinke, masu shanu na zagina. Na Gaya, na Haɗeja, na Borno, duk bakinsu lafiya. Ciwon nan mai jan zobe babu shi a kasuwar kaf.

Sai na hango Maikano a tsakiyar ciniki. Wani mai saye ya nuna bijimi ya tambayi shekarunsa. Duk wanda ya san kara ya san Maikano ko akuya ba ya taya wa kuɗi sai ya ɓare bakinta da hannunsa, abin da yake taƙama da shi ke nan. Ran nan sai na ga ya ɗaga sanda da hagu yana ƙirga zoben ƙaho. Hannun dama na cikin aljihun riga. Aka daidaita, mai saye ya miƙo hannu a sallama, Maikano ya gyaɗa kai kawai ya ce Allah ya sa albarka.

Na tsaya a cikin rana, ƙura da kukan shanu ta ko'ina, idona na kan aljihun nan.

* * *

Bayan la'asar aka taru a zauren Dagaci. Ga Liman, ga Alhaji a kan kujera yana kallon agogo, ga Isyaku, ga Wali, ga Maikano da aka kira a matsayin babban gida. Hansai ta rakuɓe a bakin ƙofa. A waje motar 'yan sanda na jira.

"To, Haladu," in ji Dagaci, "ina maraƙi?"

"Ranka ya daɗe, tun safe ban ci komai ba, kuma magana ba ta daɗi da yunwa. Na roƙi cikin gida su taimaka da dambu."

Aka kawo a babban akushi, aka zaga da buta. Kowa ya wanke hannu ya matso, har Alhaji, don ba a ƙin abincin Dagaci. Maikano bai motsa ba.

"Bismilla, Yaya," in ji Alhaji.

"Azumi nake."

Liman ya ɗago. "Ka yi jiya, ko gobe za ka haɗa? Ai ba a ware Juma'a ita kaɗai, Maikano."

"Azumi?" in ji Wali, baki cike. "Da hantsi na gan ka kana tauna goro kamar raƙumi."

Dariya ta tashi ta mutu da wuri. Na share hannuna na miƙe.

"Ranka ya daɗe, wanda ya ɗauki maraƙin nan da baya ya fita, yatsunsa biyu a bakin maraƙin. Hansai ba ta bukatar haka, ita yake bi ko ba ta so. Baƙo ne a wurinsa, amma baƙon da ya san shanu. Maraƙin kuwa yana da ciwo a baki, kuma ciwon ba ya barin bashi. Kowa a nan na ga hannunsa a akushi. Saura ɗaya."

Dagaci bai ɗaga murya ba. "Maikano, fito da hannunka."

Ya fito da shi a hankali, naɗe da tsumma. Ya warware da kansa.

"To sai me?" in ji shi. "Ni dillali ne, kullum hannuna a jikin shanu. Ƙurajen shanu ne, ga su nan a hannun matar can ma. Kowa na yi."

Isyaku ya yi caraf. "Gaskiya ne. Ƙurji ai ƙurji ne."

"A wurinka," na ce. "Hansai, matso. Ajiye hannuwanki biyu nan, a sa nasa a tsakiya."

Ta zo ta durƙusa ta shimfiɗa su a kan tabarma. Dagaci ya sunkuyo, Liman ya gyara tabarau.

"Ku dubi damanta. Wannan na shanunmu ne, na hantsa, a tafi yake fita, tauri gare shi. Ku dubi hagunta. Wannan na maraƙin ne, a bayan yatsu biyu, a jere inda haƙoran ƙasa ke karta, da jan zobe. Dangi ne su, amma ba ɗaya ba ne. Yau na buɗe bakin kowane maraƙi a kara, babu mai wannan. Baki ɗaya ne a ƙasar Wudil yake da shi. Yanzu ku faɗa mini, hannun Maikano da wanne ya yi kama? Shi da ya ce bai taɓa taɓa shi ba."

Kowa ya dubi hagun Hansai, ya dubi hannun Maikano. Ba sai an amsa ba. Kamar uwa ɗaya ta haifi yatsun nan huɗu.

Alhaji ya miƙe, ya koma ya zauna. "Yaya?"

Maikano bai dube shi ba, hannunsa yake kallo.

"Yana gonata ta Kausani, cikin kangon nan. Lafiyarsa ƙalau, har ya ƙara ƙiba. Akori-kurar yaran kara na ara, na ajiye ta a bakin titi. Niyyata in sayar da shi can kudu, ka ɗanɗana. Da na kai shi na buɗe bakinsa, na duba ƙirji, na duba ƙafa. Halliru, tun da nake dillanci ban taɓa ganin ƙirji irin nasa ba. Ka iya zaɓe ba tare da ni ba. Wannan ne ya fi ƙona ni."

"Ka bar mace da marayu a bakin duniya, don ƙirjin maraƙi," in ji Liman a hankali.

Nan Maikano ya sa hannun a fuska, ƙurajen a waje kowa na gani.

* * *

Ku ji yadda masu kuɗi ke rufa wa junansu asiri. Alhaji ya fita ya sallami 'yan sanda da goro. Washegari aka baza a gari cewa maraƙi ɓata ya yi, kuma Isyaku ne ya gano shi a Kausani. Aka saya wa Isyaku babur ja mai madubi biyu, ya riƙa wucewa ta ƙofar gidana yana matsa oda. Ni aka aiko mini da yadi, wanda ko riga bai isa ba sai da na ƙara. Ban damu ba. Wanda agana ta bari babur ba ya tsole masa ido. Na dai ce a rubuta yadda aka yi.

Amma ina wurin lokacin da aka kwance wa Hansai shanunta. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya tana yi musu magana da Fillanci, ta naɗe tabarmarta, ta ɗora ƙoranta a ka. Alhaji ya biyo ta har bakin shinge.

"Hansai, a yi haƙuri, kuskure ne. Ki zauna, zan ƙara miki. Maraƙin nan ba ya jin kowa sai ke."

Ta tsaya, ba ta sauke kayan ba.

"Alhaji, ranar da ka ɗaure shanun marayu ko tambayata ba ka yi ba. Ka ba Yayanka bokitin, ya riga ya iya."

Ta kora shanunta ta hau hanyar Ɗankaza. Maraƙin ya yi ta kuka yana fizgar igiya har ta ɓace, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Daga shanun nan biyu ta aurar da 'ya'yanta duka.

Yanzu akwai masu cewa tsufa ne ke sa ni ƙari, wai ba mai raba ƙurji da ƙurji da ido. To ba na musu da baki. Kara na nan, ba ta tashi ba, ni ma ban mutu ba. Duk mai shakka ya same ni ranar Juma'a da hantsi, ni zan zaɓi maraƙin, shi kuma ya sa yatsunsa biyu a bakin. In Juma'a ta zagayo ta sake zagayowa, ya zo mu ci dambu a akushi ɗaya, in ya isa.